Lahadi, ranar kasuwar Gujungu

Wunin yau sussuka ta cinye shi, babu wani labari a ciki. Yaya ya dawo daga kasuwa bayan la'asar da manja da gishiri, da memori da masu caji suka ɗura masa fina-finai. Bayan isha'i aka jingina wayarsa a jikin turmi, muka kewaye ta a kan tabarma, har da Inna da kullum take cewa kallo aikin marasa abin yi ne.

Labarin wani magidanci ne a Kano da masaƙar da yake aiki a Sharaɗa ta rufe, ya koma shan giya a Sabon Gari. Matarsa ta yi yaji har ta gaji da yin yajin. Amma ni ba uban nake kallo ba, ɗansa na fari nake kallo, yaro ɗan shekara 14. Shi yake bin dare ya ɗauko uban a keke napep. Akwai wurin da ya tsaya min a rai: kafin kiran assalatu yaron ya tsuguna bakin rariya yana wanke rigar uban, ya sa omo sau biyu, ya shinshina, ya sake wankewa, don kada maƙwabta su ji wari a kan igiya. Da liman ya tambaye shi a ƙofar masallaci, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba ba ya jin daɗi ne, Malam." Daga wannan rana ba a ƙara nuna shi yana ƙwallo ba. Shi ne cefane, shi ne kuɗin makarantar ƙannensa, shi ne mai ba masu bin bashi haƙuri.

Kwalbar kuwa ba a taɓa nuna ta a fili ba, kullum tana cikin baƙar leda. Yaya ya ce tsoron Hukumar Tace Fina-finai ne, wadda take duba su tun 2001. Ni ledar ma ta fi kama da gaskiya. Nan Jigawa tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 ba ka ganin giya a sarari, amma wa zai ce maye ya tafi? Maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, da tiramol ɗin da samari suke haɗiya kafin su shiga ƙwadago, da sholisho, duk a aljihu ake yawo da su.

Inda suka ba ni haushi shi ne tuban. Wa'azi ɗaya, kuka ɗaya, shi ke nan mutum ya daina. Inna ta yi tsaki ta ce, "Wanda ya daina a dare ɗaya sai a waya." Ta san abin da take faɗa, ta yi jinyar ƙaninta.

Sulhun dai sun iya shi. Uban ya rame, ya je garejin da ɗan yake kanikanci, ya zauna a benci tun hantsi. Ɗan bai ɗago daga ƙarƙashin mota ba. Da azahar ɗan ya aiki yaro ya sayo shinkafa da wake, ya ajiye a gaban uban, ya koma aikinsa. Bai ce ya yafe ba, uban ma bai roƙa ba.

Nan gardama ta tashi. Yaya ya ce ko me aka yi uba uba ne, ya kamata yaron ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai dai yi shiru, babban mutum," in ji Inna. "Wanda ya ciyar da gida tun bai fara gemu ba, a bar shi ya huce a lokacinsa."

Yaya ya ce, "To Inna, in uban ya mutu kafin ya huce fa?"

Ba ta amsa ba. Ta ce in je in duba ko an kulle akurkin kaji.