Kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a motar tsere

Ɗan yayata ne ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Kawu, duba, Mazda RX-8 ce ta 2005, kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar mota ba." Na tambaye shi ko an gwada matsin injin, wato ƙarfin da yake matse iska da fetur a cikinsa. Bai ma san ana gwadawa ba. Abin da ya sani shi ne injin yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya, ya kuma san ƙarar salansarta daga bidiyo. Gabana ya faɗi, domin da irin wannan lissafin na sayi tawa.

Tawa wata ce daban, mai ƙofa biyu da silinda shida, ƙarfinta a tayoyin baya. Na zuba duk abin da na tara a kuɗin saye, ban bar ko na taya ɗaya ba. Tayoyin gaba faɗinsu milimita 225, na baya 255, saboda haka ba a musanya su yadda ake yi a sauran motoci don su ci daidai. Robarsu mai laushi ce don ta kama kwalta, na baya kuwa kafin kilomita 15,000 sun sule. Na sa masu araha, motar ta fara jefar da baya a kwana idan an yi ruwa. Baƙin man da littafinta ya ce a zuba ya yi mini tsada, na koma wani, na kuma ƙara tazarar juye. Man birki da ya kamata a sauya duk shekara biyu, domin yana shan danshi ya rage kamu idan birki ya yi zafi, ban taɓa shi ba.

Abin da ya kashe ta ƙarami ne. Tankin robar da ke riƙe rarar ruwan lagireto ya tsufa, na ga farin busasshen tabo a gefensa na ce sai wata mai zuwa. Ranar da ya fashe, allurar zafi ta haura, ni kuma na ce bari in ƙarasa kilomita uku da suka rage. Kan injin na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai ya zama kamar madara a ƙarƙashin murfi. Gyaran ya kusa rabin kuɗin da na saye ta. Laifina ne, ba na maƙera ba. Amma zan faɗi gaskiya, ba hauka ne ya sa na saye ta ba. Wanda bai taɓa saukar da giya daga ta huɗu zuwa ta uku ya ji sitiyari yana gaya wa tafin hannunsa abin da tayoyi ke ciki ba, ba zai gane ba. Shekara biyun da na yi da ita ban yi da-na-sanin su duka ba. Na yi na bashin da ya biyo baya, wanda na daɗe ina biya motar tana ajiye a ƙarƙashin tamfol.

To ita RX-8, abin da ya sa ta yi araha yana cikin injinta. Injin Wankel ne mai lita 1.3, babu fistin, sai rota biyu masu kusurwa uku da ke juyawa. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe mai toshe matsi, shi ne ke cinyewa, idan ya cinye kuma sai an sauke inji an buɗe shi gaba ɗaya. Da gangan injin yake fesa baƙin mai cikinsa don shafa wa waɗannan ƙarafan, don haka ana duba mai duk shan fetur na biyu. Fulogi huɗu ne, da koyil huɗu masu ba su wuta. Koyil ya yi rauni, fetur ɗanye ya wuce salansa ya ƙona matatar hayaƙi. Ka tayar da ita da sanyi ka kashe nan take, fetur ya cika ta ta ƙi tashi. A cikin gari tana shan lita 14 ko fiye a kilomita 100, kuma fetur mai kyau take so. Tun 2012 aka daina ƙera ta, kowacce ka gani ta tsufa.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, amma ku samarin yanzu wa ke karanta goma? Kun haddace daƙiƙa nawa mota ke ɗauka daga 0 zuwa 100, ba ku san lambar tayarta ba. Kallon kitse kuke wa rogo, an yi magana ku ce tsoho ya tsorata.

Kada ka saya idan ita ce za ta zama motarka tilo. Kada ka saya sai kana da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a ajiye, ba na haya ba, ba na aure ba. Kafin ka ga motar, nemo makaniken da ya taɓa buɗe irin injinta, ka tambayi kuɗin tayoyi huɗu, kuloci da inshora. Idan RX-8 ce, a gwada matsi injin yana da zafi, da na'urar da aka yi don irinsa, ta ba ka lamba uku a kowace rota. Ka kashe ta da zafi ka sake tayarwa. In ta yi jinkiri, juya ka tafi, ko mai ita ya rage rabi.

Na ce kada ka saya, amma in har za ka yi, yi yanzu kafin ɗawainiya ta hau ka, ka nemi Mazda MX-5 ko Toyota GT86, masu injin fistin da kusan kowane makanike ya sani. In kuwa ka kafe sai RX-8, kada ka lallaɓa ta. Bari ta yi zafi sosai tukuna, sannan ka ba ta wuta allurar juyin inji ta hau sama lokaci-lokaci, don baƙin toka yana taruwa a injin da ake tuƙa shi a hankali kullum.

Ɗan yayata ya ce mai motar bai yarda a kai ta gwaji ba, wai akwai wani mai saye yana jira. Na ce masa ya bar wa wancan.