Otel ɗin alfarma a Yamai, a idon mutumin Birni

Ni ba mutumin otel ba ne. In harkar fata ta kai ni Yamai, gidan ƙanena nake sauka a Bukoki, a jefa mini katifa a falo, yara su yi ta tsallake ni har gari ya waye. Wannan karon wata ƙungiya ce ta tara masu sana'ar hannu daga jihohin ƙasar nan takwas, ta ce kowa a otel zai kwana, kuma ɗaya daga cikin manyan nan da ke tsakiyar gari. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Wanda ya san hanyar ya san yadda ake isa. Kilomita kusan 900 ne daga Damagaram, kar ta tashi kafin asuba, a bi Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai dare a sauka ƙafa a kumbure. Da wannan ƙurar na shiga wurin da ƙasan ma ƙyalli yake. A bakin ƙofa aka saka jakata cikin na'ura, aka shafa ni da sandar nan mai ƙara, sannan wata yarinya ta yi mini Faransanci mai santsi, ta miƙo mini kati ta ce shi ne makulli.

Yawancin waɗannan manyan gine-gine ba su daɗe ba. A da in an ce babban otel a Yamai, Gaweye ake nufi, wanda yake bakin kogi kusa da gadar Kennedy tun farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Sauran kuwa, taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 ne ya haife su, taron da aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar. Don a samu inda za a sauke shugabanni aka gina Radisson Blu, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya yi, shi ne kuma ya sabunta filin jirgin Diori Hamani. Aka yi Bravia, aka yi Noom. Wato ba don ni da irina aka gina su ba, kuma farashin ma ya faɗi haka. Na leƙa takardar da ke bayan ƙofa, kwana ɗaya ya haura jika ɗari, wato sefa dubu ɗari. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan tun 2024 jika 42 ne a wata. Kowa ya yi lissafinsa.

Gadon yana da kyau, sanyin ɗakin har sai da na nemi bargo, labule da maɓalli ake jan sa. Duk wannan na gani na wuce. Abin da ya tsayar da ni banɗaki ne.

Na murɗa famfo ƙarfe ɗayan dare, ruwa ya zo da ƙarfinsa. Na murɗa ɗaya gefen, mai zafi ya zo. Babu tari, babu iskar nan da famfonmu kan hura kafin ya yanke shawara. Mutumin Yamai da kogi ke ratsa garinsa ba zai gane abin da nake faɗa ba, amma duk wanda ya tashi a unguwannin Damagaram irin su Birni ko Garin Malam ko Ƙara-ƙara ya san barcin watan Afrilu: kunne ɗaya a kan filo, ɗaya a kan famfo, ko Allah zai sa ya zo cikin dare a tashi yara a jera bido. In bai zo ba, da safe a tare ɗan ga-ruwa a yi ciniki kamar za a sayi rago. A gidanmu ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba ya zubewa a banza, akwai akuyar da ke jiran sa.

Kuma wannan ba sabon ciwo ba ne. Garinmu a kan dutse yake zaune, duwatsun nan da baƙi ke son ɗaukar hoto a bayan fada su ne suka hana rijiya zurfi. Har Nasara ma da ya ɗauke babban birni daga Zinder, wato Damagaram, ya kai Yamai a 1926, ƙarancin ruwa na cikin dalilansa. Tun daga nan ake janyo mana shi daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya Ganaram, garin kuma yana ta faɗi yana wuce abin da aka tanada. Mun samu matatar mai a 2011, an yi mana kwaskwarimar Zinder Sabuwa don bikin 18 ga Disamba na 2018, tituna sun yi kyau, ba na musu. Amma bido bai yi ritaya ba.

Don haka da safe da na buɗe labule na hango kwamin wanka a ƙasa, shuɗi fes, babu kowa ciki sai wani Bature guda yana iyo, sai na kira Inna ta bidiyo na juya mata waya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan na shan mutanen gidan ne?" Na ce a'a Inna, na wanka ne, wasa ake yi a ciki. Ta ce, "To in sun gama wasan, ina ake kai shi?" Na ce tace shi ake yi, a zuba magani, ya koma. Ta ce madalla, aƙalla suna da tsoron Allah.

A ganina abin da ake biya a irin wannan wuri ke nan, gado da madubi rakiya suka yi. Ana sayar maka da ranakun da ba za ka tuna da ruwa ba, ba za ka tuna da kuran ba. An ɗauke wuta ina zaune a ɗaki, kafin in ce innalillahi janareto ya karɓa. Otel ɗin yana da tankinsa, da injinsa, da masu gadinsa, ƙaramar ƙasa ce a cikin ƙasa. Na ji daɗin abin, ba zan yi ƙarya ba, na yi wankan da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Sai dai hannuna ya ƙi koyo, ina saɓa sabulu yake kai kansa ya rufe famfo.

Da ruwan nan duka, babu buta. Wani yaro mai gyaran ɗaki na tambaya, daga jin Hausarsa na ce kai ɗan ina ne, ya ce Matamai. Ya ce, "Baba, ai ku mutanenmu duk wanda ya zo sai ya tambaya." Ya je ya kawo mini tasu ta ma'aikata, ya nuna mini alƙibla, ya kuma gaya mini inda zan samu mai nama na kirki in na fita ƙofar baya. Shawararsa ta yi amfani, domin teburin karin kumallo tsawonsa ya kai zaure biyu, da burodi kala-kala da cuku da 'ya'yan itace, amma ba koko ba ƙosai, fura kuwa kada ma ka tambaya.

Inda otel ɗin ya gaza mini shi ne wajen baƙi. Mu a Damagaram an san mu da saukar baƙo tun zamanin ayari, unguwar Zongo ma dalilin kafa ta ke nan, fatake daga Agadas da Gat su sauka gidajen attajirai irin su Malam Yaro, mai masauki ya ba ka ɗaki, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Baƙo kuma zaure yake zama a zo a gaishe shi. Nan kuwa da ƙanena ya zo da 'ya'yansa, sai da aka tsare su a ƙofa aka bugo mini waya. Muka zauna a falon ƙasa kan kujerun da mutum ke nutsewa ciki, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Na sa a kawo musu lemo, ƙanena ya ga farashin, ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, don Allah bari, mu je gida a dafa shayi." Muka tafi Bukoki, ban dawo ba sai tsakar dare. Wasu daga cikin abokan taron ma haka suka yi, ɗakunan jika ɗari suna can a rufe suna ta sanyi su kaɗai.

A falon nan akwai wani ɗan shago na kayan tsaraba. Na ga tintimin fata da jakunkuna, ja da kore, ɗinkin da ko a mafarki na gan shi na san na gida ne, fatar akuya ce da ta bi ta majemarmu. Kuɗin da aka liƙa wa tintimi ɗaya, a kasuwar Dole ranar Alhamis sai ka sayi huɗu ka yi cefane da canji. Na tambayi matar da ke wurin daga ina suke sarowa, ta ce wani ne ke kawo musu daga nan Yamai. Wato hannu biyu ko uku tsakanin baduku da wannan kanta. Na bar mata lambar shagonmu da jaka guda ta gwaji, ta ce za ta nuna wa maigidanta. Ya kira ni bayan na dawo, yana son tintimi da jakunkunan mata, amma sai an rage warin jima, wai baƙinsu ba sa so a akwati. Na kai maganar majema, tsohon da muke saye wurinsa ya ce ana iyawa, sai dai fata za ta ƙara kwana a ruwa kuma a riƙa sauya shi, don haka in bari sai damina ta sauka.