Ranar da Baba ya ce zai bi

Alhamis, Zuru, tsakiyar hunturu.

Yau mako shida da binne Mama, ɗaya daga cikin tsofaffin Zumuntar Mata na ikkilisiyarmu, kuma rukuninmu ne ke da zuwa gidan don duba mijinta, Baba. Mu mata biyu ne da Malam mai bishara. Mun isa wajen ƙarfe 10 na safe. A wannan sanyin ba a yi wa tsoho sammako, sai rana ta ɗaga yake fitowa daga ɗaki, in kuma aka bari har la'asar ya riga ya tafi wurin abokan burkutu.

An daɗe da cire rumfar makoki, an mayar da kujerun haya, 'ya'ya sun koma wuraren aikinsu. A nan ne muka fi gazawa a ikkilisiya. Kwana ukun farko gida cike yake, ana waƙa har dare, tukwane a kan wuta, mai makoki ba ya samun sararin jin abin da ya same shi. Sai an watse mutuwar ke sauka masa. Shi ya sa muka raba zuwa gidan tsakanin rukuni huɗu, kowanne da makonsa a wata, har shekara ta zagayo.

Mun kai kunu mai zafi a filas, tuwon dawa da miyar kuka a kula, mudu 2 na gari, sabulu, man shafawa da ɗaurin itace. Kai wa tsohon da ya rasa mata ɗanyen hatsi ba taimako ba ne. Rumbunsa cike yake da dawa, abin da ya rasa shi ne mai surfe, mai kai niƙa, mai tuƙi. Kuma ba a ajiye abinci a juya, a zauna ya ci ana hira. Tuwon da jikarsa ta kawo jiya mun same shi a rufe, ko taɓa shi bai yi ba. Yana shan kunu, 'yar'uwata ta leƙa randa, ta duba ko akwai bargo a ɗaki, ta ɗauko katin maganin hawan jininsa. Mama ce ke miƙa masa ƙwaya kowace safiya, katin kuwa ya nuna ya yi kwanaki bai sha ba. Mai zuwa gaisuwa ya riƙa duba waɗannan, don tsoho ba zai faɗa da bakinsa ba.

Muka durƙusa muka gaishe shi. "Baba, ina kwana? Ya sanyi? Ya ƙarin haƙuri?" Ya ce, "Da godiya, 'ya'yana." Daga nan muka yi shiru, da gangan. Abokan Ayuba kwana 7 suka yi a zaune tare da shi a ƙasa, dare da rana, ba wanda ya ce masa uffan, kuma sai da suka buɗe baki ne suka fara ƙara masa ciwo. Akwai maganganun da muke roƙon mata su riƙe a bakinsu: "ai ta huta", "Allah ya fi ka sonta", "kai namiji ne, daina kuka". Duk da kyakkyawar niyya ake faɗinsu, amma abin da mai makoki ke ji shi ne an gaji da kukansa. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Bulus ma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Abin da ke buɗe bakin tsoho shi ne a ambaci mamaciyar, a tuna wani abu nata na gaske. Na ce masa har yanzu ba mu sami mai ɗaga waƙa kamarta ba. Sai ya fara magana.

Baba ya haura shekara 70, Badakkare ne mai bin addinin kakanni. Ya ba mu labarin golmon da ya yi, shekara 7 yana noma a gonar surukai kafin a ba shi Mama. Tana amarya ta karɓi bishara. Bai taɓa hana ta ba, shi kuma bai taɓa shiga majami'a ba sai ranar aure ko jana'iza. Amma kowane dare takan karanta Littafi Mai Tsarki da ƙarfi a bakin ɗaki, tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, shi yana waje yana jin wuta, yana kuma jin ta.

Can ya dubi Malam ya ce, "Malam, in na bi hanyar da ta bi, zan gan ta?" Kafin a amsa ya ƙara, "Ina so in bi."

A daidai wannan gaɓar ake ɓata abu, ta hanya biyu. Wasu sukan yi wuf su sa tsoho ya maimaita addu'a, a ɗauki hoto, kafin yamma yana Facebook, 'ya'yansa su gani a waya kafin su ji daga bakinsa. Wasu kuma sukan yi masa kallon zargi, su ce kewa ce kawai, ta wuce zai koma. Ni ban ga laifi ba in kewa ce ta kawo mutum bakin ƙofa. Cikin waɗanda suka zo wurin Yesu akwai mai ciwo, akwai mai yunwa, akwai wanda 'yarsa ke bakin mutuwa, bai kori kowa don dalilinsa ba. Abin da ya wajaba shi ne a faɗa wa mutum gaskiyar wanda zai bi. Malam ya ce, "Baba, waɗanda suka mutu cikin Almasihu za su tashi, za su kasance tare da Ubangiji, alkawari ne. Amma ba Mama za ka bi ba. Wanda ita ta bi, shi za ka bi." Bai yi masa alkawarin za su koma miji da mata ba, don Matiyu 22:30, wadda ta ce ba aure a tashin matattu, ba ta bar mu mu faɗi haka ba. Bai kuma ɗora masa wannan ayar a yau ba. Ranarta tana zuwa, muddin ba a yi masa ƙarya a yau ba.

Tambaya ta biyu ta kunya ce, kusan kowane tsoho yana da ita. "Ban makara ba? Na kai wa tsafi tsoka, yanzu in kawo wa Allah ƙashi?" Malam bai buɗe littafi ba, ya ba shi Matiyu 20 da ka, yadda ake ba da labari a dandali. Mai gona ya ɗauki 'yan ƙodago da sassafe, ya ƙara wasu da ƙarfe 9, da 12, da 3, har da ƙarfe 5 na yamma, da aka tashi biya kowa dinari guda. Baba manomi ne, nan take ya ce na safe suna da gaskiya in sun yi gunaguni. Malam ya ce ai sun yi, mai gonar kuwa ya ce bai cuci kowa ba, abin da suka shirya ya ba su, sauran alherinsa ne da dukiyarsa. Baba ya daɗe yana jinjina kai. Da karanta masa aka yi a gurguje, da ba a sami wannan gardamar ba, kuma ta wurin gardamar ne labarin ya shige shi.

Ta uku ita ce mai haɗari. "Ubana da uwata fa, da suka mutu ba su ji ba?" Na sha ganin matasa masu himma sun amsa da cewa suna wuta, tsoho ya tashi ya shiga ɗaki, ba a sake samun kunnensa ba. Cewa sun tsira ma ba mu da ikon faɗa. Malam ya tuna masa da maganar Ibrahim a Farawa 18:25, cewa mai shari'ar dukan duniya zai yi abin da ke daidai. Ya ce, "Baba, ba a ba ni shari'arsu ba, ba a ba ka ba. Suna hannun wanda ba ya zalunci. Kai ne ka ji, kai ake tambaya." Sannan ya ce masa ya yi addu'a da kalmominsa. Hausarsa tana da kyau, amma da Dakarci ya yi, kuma haka ya kamata.

Da ƙarfe 4 muka zauna da Fasto da dattawa a kan yadda za a bi da shi.

Ba za a sa shi ajin baftisma tare da 'yan shekara 15 ba, kunya kaɗai za ta kore shi. A gida za a koya masa, sau biyu a mako, rabin awa, abu guda a kowane zama. Dattijo sa'ansa ne zai riƙa raka Malam, don akwai abin da tsoho ba zai tambayi yaro ba. Za a fara da Addu'ar Ubangiji, layi ɗaya ɗaya, sai Zabura 23, sai Yohanna 3:16, kuma daga littafin Mama za a karanta, tunda lafazin tsohuwar fassarar ne kunnensa ya saba da shi. In aka kawo sabuwa zai ce ba haka take faɗa ba. Yana da yanar ido, saboda haka ba zancen tilasta masa karatu. Za a sa masa Bisharar Markus a memori, a ƙaramar rediyo mai caji, ya riƙa ji da dare a lokacin da ya saba ji. Mai koyarwa ya zauna ta gefen kunnen da ke ji, ya rage sauri maimakon ɗaga murya. Ba jarrabawar rubutu. Dattawa za su tambaye shi da baki wane ne Yesu, me ya yi dominsa, me ya bari.

'Ya'yansa za su ji daga bakinsa kafin Lahadi. Ɗaya Musulmi ne, kamar yadda yake a gidajen ƙasar Zuru da yawa, inda za ka sami Kirista da Musulmi da mai gargajiya suna cin tuwo a kwano guda. Shi ma a kira shi da girmamawa, kada ya ji a kasuwa. Fasto ya ƙara wata magana mai nauyi: tun Baba yana da ƙarfinsa, ya faɗi yadda yake so a binne shi a gaban 'ya'yansa da 'yan'uwansa da dattijon ikkilisiya. In ba a yi haka ba, ranar mutuwa ce ake jayayya a kan gawa.

Kayan tsafi kashi biyu ne. Layu da guru da kambun da ya mallaka nasa ne, shi zai fito da su ranar da ya shirya. Mutanen Afisa a Ayyukan Manzanni 19:19 su da kansu suka kawo littattafansu suka ƙone, ba a shiga ɗakinsu an kwaso ba. Abin da kuwa na dangi ne da aka ba shi riƙo, ya mayar wa manyan gidan, ya gaya musu ya sauka. Ƙone kayan dangi a bainar jama'a gaba yake haifarwa, har a rufe ƙofar gidan ga bishara shekara da shekaru.

A kan burkutu ba mu daidaita ba. Wani dattijo ya ce sai ya bari tukuna a yi maganar baftisma. Ni ma ina so ya bari, ga hawan jini, ga sha a kan yunwa. Amma masu shan nan su ne kaɗai ke zama da shi kowace yamma tun da aka watse. In za a raba shi da su, sai Zumuntar Maza ta fara ba shi wurin zama da abokan hira. An bar maganar zuwa zama na gaba.

Baftismar sai zafi ya shigo, wajen Maris. 'Yan'uwanmu Katolika zuba ruwa suke yi a ka, manyansu galibi a daren Ista, mu kuwa nutsarwa muke yi, kuma ba a nutsar da mai shekara 70 a ruwan hunturu. Ba za a je rafi ba, duwatsun suna da santsi, ga rashin tsaro a daji. A tafkin siminti na majami'a za a yi, a cika shi tun ana gobe, ruwa iya ƙugu, a yi da tsakar rana. A auna jininsa da safe. Maza biyu su riƙe shi ban da Fasto. Ya durƙusa a sunkuyar da shi ta gaba, don kwantar da tsoho ta baya yana firgita shi, ya shaƙi ruwa, bayansa ma ya amsa. A gwada masa a gida ba ruwa, ya san lokacin toshe hanci. Tawul, busassun kaya da kunu mai zafi su kasance a kusa. In ciwo ya riga mu, a tuna masa da ɓarawon nan na Luka 23, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi yana kan gicciye, kada ya kwanta da tsoron cewa ruwa ne ya rage masa.

Ran Lahadi wani matashi zai ɗauko shi a babur, ya zauna cikin dattawa kusa da gaba. An roƙi mai sanarwa kada ya tashe shi tsaye a tafa masa. Lokacin da Zumuntar Mata za ta fito waƙa ne zai fi yi masa wuya, don zai ga layin da take tsayawa. Dattijon da ke raka Malam zai zauna kusa da shi, in ya so fita su fita tare. Jikarsa ta karɓi aikin ba shi magani kafin ta tafi makaranta, Malam kuma zai koma ran Talata da rediyon.