Wasiƙa daga Paris: Kwana Ukun Farko na Mai Zuwa da Iyali

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya yara?

Masu shirin kawo iyali hutu Paris, ku sani yawancin wahalar tafiyar a kwana ukun farko take, kuma gaggawa ce ke jawo ta.

Jiragen yankinmu galibi da sassafe suke sauka a filin Charles de Gaulle, otal kuwa ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana. Ku ajiye kaya a wurin masu karɓar baƙi, ku ci abinci a unguwa, kada ku nufi ko'ina mai nisa ranar. Jirgin ƙasa na RER B yana kai mutum Gare du Nord, babbar tashar jirgin ƙasa a cikin gari, cikin kusan rabin awa, amma mai akwatuna huɗu da goyo gara ya bi layin tasi na hukuma, don kuɗinsa zuwa cikin gari ƙayyadadde ne. Wanda ya tare ku a cikin zaure yana cewa "taksi", ku wuce shi.

Sai metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. Katin Navigo Easy, wanda ake loda wa tikitin shiga, kowa da nasa, ba a shigar da mutum biyu da kati ɗaya. Yaron da bai kai shekara 4 ba kyauta ne, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi. Katin mako kuwa daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ba daga ranar saye ba, don haka wanda ya sauka Alhamis ya yi lissafi tukuna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne matakala: tsofaffin tashoshi kusan duk babu lif, ban da layi na 14. Mai keken jariri ko mai tafe da Hajiya mai ciwon gwiwa, bas ta fi masa.

Gidan tarihi na Louvre rufe yake ranar Talata, na Orsay da fadar Versailles ranar Litinin. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya a Louvre, amma su ma a kama musu lokacin shiga ta intanet. Hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a 1889, tana da matakala 674 zuwa hawa na biyu. Ku sayi tikitin lif tun kuna gida. Wuri ɗaya babba a rana ya ishi yara.

Babban masallacin Paris, da aka buɗe a 1926, yana kusa da tashar Place Monge a layi na 7, daf da lambun Jardin des Plantes, sai a haɗa Juma'a da yawon yara. A watan Yuni magariba tana kaiwa kusan ƙarfe 10 na dare, yara sai su ƙi barci ganin gari da haske. A ja labule kawai.

A takardar abinci, porc, jambon da lardons duk alade ne. Ruwan famfo ana sha, kuma kyauta ne a gidan abinci idan aka ce carafe d'eau. Kafin kowace tambaya a fara da gaisuwar "bonjour", in ba haka ba sai a ga an ɗaure fuska.

Masu yankan aljihu sun fi yawa a bakin ƙofar jirgin metro da gindin cocin Sacré-Cœur, inda wasu ke kama hannu su ɗaura zare su nemi kuɗi. Jaka ta dawo gaba. A sa wa kowane yaro takarda mai sunan otal da lambar waya a aljihu. Lambar gaggawa 112.

Sai mun gan ku. Wassalam,
'Yan uwanku a Paris