Kada Ki Rubuto Mini "Lafiya Lau"

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a ƙasar Hungari, ina shekara ta uku a karatun likitanci a birnin Debrecen. Malamar da ke koya mana harshen ƙasar ta ce mahaifiyarta tana da maƙwabciya a Budapest, tsohuwa mai shekara 88 da ke zaune ita kaɗai a hawa na uku, ba ɗa ba jika, kuma kunnenta ya yi nauyi har waya ta daina yi mata amfani. Ta nemi wanda zai riƙa rubuta mata wasiƙa da hannu. Na karɓa, kodayake rabin dalilina shi ne in gyara harshena kafin jarrabawa.

Sai da na karɓi adireshin, sannan malamar ta ƙara da cewa tsohuwar Bayahudiya ce, kuma tana da shekara 12 lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar a watan Maris na 1944. Na san abin da ya biyo baya daga karatu: tsakanin tsakiyar Mayu da farkon Yuli an loda Yahudawa fiye da 430,000 a jiragen ƙasa, mafi yawansu zuwa Auschwitz, sansanin da Jamusawa ke kashe su, sannan a ƙarshen shekarar aka killace kimanin mutum 70,000 a wata 'yar unguwa kusa da babban wurin ibadarsu na titin Dohány, inda yunwa da sanyi suka yi ta kashe su har sojojin Tarayyar Soviet suka iso a watan Janairun 1945. Tsohuwar ta kasance cikin waɗanda aka killace, kuma gidan da take zaune bai fi tafiyar 'yan mintuna daga wurin ba.

Wannan sanin shi ne ya ɓata mini wasiƙar farko. Na rubuta ta kamar wadda ta je gidan makoki, na jajanta mata, na yi mata addu'ar haƙuri, na faɗa mata yadda na yi hawaye a gaban takalman ƙarfen nan da aka jera a bakin kogin Danube don tunawa da waɗanda aka harbe a can, sannan na roƙe ta ta ba ni labarin abin da ta gani. Mako uku ban ji komai ba. Da na tambayi malamar, sai ta yi dariya ta ce tsohuwa ta ce ta karɓi ta'aziyyar mutuwarta kuma ta gode, amma a gaya wa yarinyar cewa tukuna dai.

Kunya ta hana ni sake taɓa zancen. A wasiƙa ta biyu na rubuta abin da ke gabana kawai: yadda na sayi garin barkononsu na paprika ina murna na samu yaji, na zuba cokali uku a miya ban ji komai ba sai ja. Bayan kwana shida amsa ta zo, kuma a cikin ambulan har da wasiƙata, an yi mata kaca-kaca da jan biro. Ashe ta yi shekaru tana koyarwa a firamare. Babban laifina shi ne na yi mata magana da sigar da ake yi wa tsara, alhali harshensu yana da sigar girmamawa, kuma yaro yana gaida tsohuwa da "csókolom", wato na sumbaci hannunki, ya kira ta "néni", wato goggo. Ta tambayi yadda muke kiran uwar uwa. Da na rubuta mata "kaka", sai ta amsa cewa ta yi dariya har ta sarƙe, domin a bakin yaran Hungari kalmar tana nufin kashi. Muka daidaita a kan Iya. Na bayyana mata wasan da ke tsakanin jika da kaka a wurinmu, ita kuma ta riƙe shi da hannu biyu, ta shiga tsokanata ba ƙaƙƙautawa.

Daga nan na gane cewa jan biron nan ya fi tausayina amfani a wurinta. Mutane da yawa sun zo mata neman labarin yaƙi, amma ta daɗe ba ta samu wanda ke bukatar ta gyara masa wani abu ba. Na tsayar da Laraba a matsayin ranar jefa wasiƙa, ina rubutu da manyan baƙaƙe a fuska ɗaya ta takarda saboda idonta, ina saka ambulan mai kan sarki a ciki don kada amsa ta zame mata ɗawainiya, kuma ina rufewa da tambaya guda da ta shafi yau, kamar yadda ake dafa wani abu ko sunan wani tsuntsu.

Akwai jimla ɗaya da take sokewa kullum, ga shi kuma babu kuskuren nahawu a cikinta. Nakan fara da "jól vagyok", wato lafiyata lau, kamar yadda kowane Bahaushe zai fara, tunda mu ko a gadon asibiti aka tambaye mu sai mu ce da sauƙi. Sai a lokacin kaka na wannan shekarar ta faɗi dalili, ba tare da na tambaya ba, a layi biyar kacal. A bazarar 1944 katin wasiƙa ya iso gidansu daga goggonta da aka kwashe daga wani gari, an rubuta cewa daga wani wuri mai suna Waldsee yake, tana lafiya, tana aiki. Irin katunan nan a Auschwitz ake tilasta wa mutane rubuta su domin a kwantar da hankalin waɗanda ba a kwashe ba tukuna, kuma goggon ba ta dawo ba. Ta ce: "'Yata, kada ki rubuto mini lafiya lau. Ki faɗa mini abin da kika ci da abin da ya ɓata miki rai, ni zan gane ko kina lafiya."

Wannan ya yi mini wuya fiye da nahawu, domin an rene ni a kan cewa ba a kai wa babba kuka a gaisuwa. A hankali na koyi rubuta mata cewa na faɗi gwaji, ko ina kewar mahaifiyata, ko azumi ya yi tsawo. Amsoshinta a kan irin waɗannan su ne mafi tsayi.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. A Janairun 2021 jarrabawa ta sha kaina, Laraba uku suka wuce ban rubuta ba, ina ganin abu ne da za a fahimta. Malamar ce ta kira ni ta ce tsohuwa tana sauka hawa uku kowace safiya, da sanda, ta buɗe akwatin wasiƙu. Mahaifinta yana cikin Yahudawan da aka tura aikin tilas tare da rundunar Hungari zuwa Rasha, yana aiko da kati a kai a kai, har rundunar ta tarwatse a bakin kogin Don a Janairun 1943, katin ya yanke, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce ga abin da ya same shi. Tun daga ranar, ko layi biyu ne sai na aika, idan kuma na hango makon da ba zan iya ba, nakan sanar da ita tun da wuri, in faɗi ranar da za ta sake ji daga gare ni.

Bayan na gama karatu na dawo gida, gidan waya ya daina biya mana bukata, don haka nakan rubuta da hannu, in ɗauki hoton takardar in tura wa malamar ta WhatsApp, ita kuma ta buga ta kai. Hannun Iya ya fara rawa, gyaran ya ragu, amma bai tsaya ba. A wasiƙata ta ƙarshe da ta dawo mini da gyaranta, na ba ta labarin wani yaro da muka rasa a sashen yara da daddare, ta ja layi a ƙarƙashin wani aikatau da na karkatar, ta rubuta daidai ɗinsa a gefe, sannan ta tambaya ko na samu na ci abinci a daren.