Rakiyar Kayan Jere Daga Birnin Kebbi Zuwa Yauri

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da ruwa ya cika fadamun shinkafa, aka ɗora mini nauyin raka kayan jeren 'yar ƙanwata daga Birnin Kebbi zuwa Yauri, inda za ta tare. Sana'ata gyaran kayan lantarki ce, don haka duk abin da ke da filogi a cikin kayan ni aka damƙa wa. A ciki akwai kaskon turaren wuta na lantarki, da na'urar da ke busa ƙamshi da sanyin tururi, da kuma ɗan abin korar sauro da ake maƙalawa a soket. Tun a babbar kasuwa na juya kowanne na karanta rubutun da ke gindinsa kafin a biya kuɗi, domin wanda aka ƙera don gidajen Amurka ƙarfin wutarsa 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone shi.

Mun bar gari da hantsi, muka wuce Kalgo, muka tsaya a Jega muka yi guzuri, sannan muka miƙa kudu ta Maiyama da Koko. Gwaggon amarya, dattijuwa wadda ta daɗe tana haɗa turaren wuta da humra na sayarwa, ita ce a kujerar bayana, kuma tun daga Jega take tuhumar kaskon. Ta ce, "Malam, turaren da bai ga garwashi ba, ta ina zai kama tufa?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri mu isa, hancinki ne zai yanke hukunci." Na bayyana mata cewa a ƙarƙashin ɗan farantin da ake zuba turaren akwai abin da ke yin zafi idan wuta ta ratsa shi, kuma zafin ne ke fitar da man da icen sandal ko hawi ya sha, ba tare da icen ya kama da wuta ba. Garwashi yakan ƙona sukarin da aka dafa turaren da shi, shi ya sa ƙauri ke biyo bayan ƙamshi idan ba a yi saurin kwashewa ba.

Da la'asar muka shiga Yauri. Garin yana bakin Kogin Kwara, a inda ruwan da madatsar Kainji ta tare yake faɗaɗa, kuma tun kafin magariba sauro ya fara yi mana sallama. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, wanda ya fi na kowace jiha a Nijeriya. Saboda haka a wurina ɗan abin korar sauron nan ya fi duk sauran kayan ƙamshin muhimmanci, shi na fara jonawa a ɗakin da aka sauke mu.

Na zauna ina kallonsa da kyau. 'Yar kwalba ce mai ruwan magani, da lagwani mai tauri da ya nutse a ciki, kansa kuma ya shige cikin wani zobe da ke ɗumi. Lagwanin yana tsotso ruwan a hankali, zoben yana mayar da shi tururin da ido ba ya gani. Hikimar da ta fi burge ni tana cikin zoben, domin an yi shi da wani irin tangaran wanda idan zafinsa ya kai wani mataki sai ya rage shan wuta da kansa, don haka ba ya wuce iyaka ko da ya kwana a jone, kuma wutar da yake ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba.

Asalin wannan fasaha daga Japan ne. A can wani ɗan kasuwa mai suna Eiichiro Ueyama ya fara sarrafa garin furen da ke kashe ƙwari ya zama tsinken hayaƙi, amma tsinken ba ya kai awa guda yake cinyewa, sai matarsa ta ba da shawarar a nannaɗe shi. Haka aka sami igiyar leƙo, wadda ta shiga kasuwa a 1902, tana ci kusan dare guda. A 1963 kamfanin Fumakilla, shi ma na Japan, ya fitar da ɗan kwalin magani da ake ɗorawa a kan faranti mai ɗumi, wanda shuɗinsa ke koɗewa idan maganin ya ƙare. Daga baya aka zo da mai kwalba, domin a huta da canza kwali kullum. Kwalin da kwalbar manufarsu ɗaya ce, wato a raba maganin da wuta da hayaƙi, kuma ina ganin masu ƙera su sun cancanci yabo, domin na sha ganin katifa da labule da igiyar leƙo ta ƙona.

Wajen ƙarfe goma na dare aka ɗauke wuta. Jan ɗigon hasken da ke jikin na'urar ya mutu, zoben ya huce, ba a daɗe ba kukan sauro ya dawo kunnuwanmu. Mai masaukinmu ya shigo da igiyar leƙo da ashana yana ba mu haƙuri, ni kuwa na roƙe shi gidan sauro. A daren nan na daɗe ina tunanin cewa masu ƙera waɗannan abubuwa sun yi lissafinsu ne da gidan da wuta ke kwana, alhali sauron da ke yaɗa zazzaɓi ya fi cizo da tsakar dare, daidai lokacin da soket ɗinmu ya fi zama fanko. Wanda ke da sola da batir zai ci moriyarsu sosai. Masuncin da ke kwana a tsibiran Yauri kuwa yana buƙatar wani abu dabam, shi ya sa na yi murna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2025 da wani fallen da ake ratayewa a bango, wanda ke sakin maganin a iska da kansa ba tare da lantarki ko wuta ba, a matsayin ƙari a kan gidan sauro.

Washegari aka yi jere, aka tayar da janareta. Na jona kaskon, Hajiya ta zuba turarenta da hannunta, ta tsaya a kansa ba ta ce komai ba. Hayaƙin ya fito siriri, ƙamshin ya cika ɗakin babu ƙauri, ya kuma daɗe fiye da yadda ta saba. Ta yarda cewa don ɗaki ya yi, amma ta sa aka hura mata gawayi don turara kayan amarya, tana cewa hayaƙin lantarkin bai da kaurin da zai ratsa atamfa. Na shinshina na ga gaskiyarta.

Na'urar tururin ce ta tara 'yan mata. A ƙasan tulunta akwai ɗan faifai da bai fi maɓallin riga girma ba, wanda ke karkarwa fiye da sau miliyan a daƙiƙa guda, karkarwar ce ke farfasa ruwa ya tashi fari, ko an sa hannu ba a jin zafi. Na kira amarya gefe na ce, "Ki riƙa zuba ruwa mai tsabta da ɗigon turaren da aka yi don ita, kada ki zuba humra mai kauri, za ta toshe faifan. Kada kuma ki bari kowa ya zuba fiya-fiya a cikinta ko a kwalbar korar sauro da sunan ƙarin ƙarfi, domin guba ce za ku kwana kuna shaƙa." Ta ce, "To, Kawu." Kafin mu kama hanyar Koko na kafa ƙusoshi huɗu a bangon ɗakinta, na ɗaura mata gidan sauro mai magani, na kuma nuna wa angon soket ɗin da ya fi nisa da labule.