Kombin Baba da gardamar inji

Motar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya bari a bayan gidanmu na Aboabo a Kumasi Volkswagen Kombi ce ƙirar 1972, irin wadda rufinta ke ɗagawa ya zama tanti, da gado da ɗan wurin girki a ciki. A hannun wani Bajamushe ya saye ta lokacin da zai koma gida. Tun da Baba ya daina tuƙi take kwance, kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashin kujera.

Da muka ce za mu tashe ta, gardamar farko a kan inji aka yi. Kawu ya ce, "Ɗana, cire tsohon nan ka sa na Toyota ka huta. A Suame Magazine, unguwar makanikai, wane inji ne ba za su dasa maka ba?" Gaskiyarsa ce, mutanen Magazine ko injin jirgi ka kai musu za su nema masa wurin zama. Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, a bar mata nata."

Dalilina shi ne injin nan a baya yake, kuma iska ce ke sanyaya shi. Ba lagireto, ba ruwa. Idan ka sa na Toyota, dole ka nemo inda za ka rataya lagireto, ka ja bututu, ka yanka bodi. Nata kuwa silinda huɗu ne a kwance, biyu nan biyu can, komai a fili. Ɗiyata da ke sakandare ita ke daidaita bawul yanzu: injin ya huce sarai, a zura ma'auni mai kaurin milimita 0.15, a ɗaure noti. Ko matatar baƙin mai ba shi da ita, sai 'yar raga da ake wankewa, shi ya sa ake yawan juye man. Abin tsoro ɗaya ne, fanbel. In ya tsinke, fanka ta tsaya, ka tsaya nan take ko injin ya ƙone. Kaya ma ba su gagara ba, tunda a Barazil ba a daina ƙera Kombi ba sai 2013.

Inda muka sha wuya tsatsa ce. Daminar Kumasi ba ta raga wa ƙarfe. Da muka ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ga rami, kana hango ciyawa ta ciki. Gindin ƙofar gefe mai ja ta cinye, haka wurin zaman batir. Wani ya ce a cike da foti a shafe da fenti, masta mai walda ya ƙi, ya ce bayan damina ɗaya za ta tofo shi. Sai ya riƙa yanke ruɓaɓɓen yana ƙera sabo da guduma. Nan ne kuɗin ya tafi, har Yaya ta daina tambayar lissafi.

Ita Yaya ta ɗinka sabon tamfol na rufin, Inna ta ce labulen atamfa za a sa, ba wanda ya musa mata. Saura birki da takardun DVLA, hukumar rajistar motoci. In sun kammala, tafkin Bosomtwe za mu fara zuwa, kuma gangaren nan na Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin, ba a wasa da shi, don haka birkin masta zai yi da hannunsa.